Kaset Mai Ɗigo Uku

Tun kafin mu fara wannan sana'a ina da wani tsoro da ban taɓa gaya wa kowa ba, har maigidana. Tsoron shi ne in mutu a ƙasar nan, a kwaso kayana a jera a kan tebur a waje, kowane abu da 'yar takardar farashi manne a jikinsa, baƙi suna ɗagawa suna ajiyewa. Na ga an yi wa wata haka a unguwarmu ta Landover, ban daɗe da zuwa ba. Tsohuwa ce baƙar fata, a hawan da ke ƙarƙashin namu take zaune, kullum muna ɗaga wa juna hannu a bakin matakala. Ta rasu. Bayan mako biyu sai ga tukwanenta da hulunanta na zuwa coci da hoton aurenta a filin ajiye motoci. A garinmu kayan mamaci gado ne, a raba wa masu shi, tufafi a yi sadaka da su ba tare da an yi shela ba. Nan kuwa da idona na ga wani mutum yana gwada tabaranta a fuskarsa. Na hau sama na kulle ƙofa, na kwance 'yata daga goyo na rungume ta, na ce a raina: ke da ba ki da kowa a nan sai miji da jaririya, wa zai hana a yi miki haka?

To ka ji ikon Allah, sai ga shi abincinmu ya koma kan irin teburan nan.

Maigidana tasi yake tuƙawa a cikin Washington, can wajen ofisoshin jakadanci. Zama ya cinye masa baya, likita ya ce ya rage. Wani abokin aikinsa ne ya nuna masa yadda ake sayen tsofaffin littattafai da faya-fayai a sayar ta intanet. Da farko a but ɗin mota yake tarawa, daga baya falonmu ya cika har ba wurin shimfiɗa sallaya. Rannan sai ya dawo da wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, da gado da madafa da banɗaki, ya saye ta a hannun wani tsohon Bature da ya gaji da yawo. Na leƙo ta taga na ce, "Wannan kunkurun fa?" Shi ke nan suna ya bi ta. Kunkuru muke ce mata har yau, tun da tana tafe da ɗakinta a baya, kuma ba ta san sauri ba.

Da an yi hutun makaranta na bazara sai mu ɗauki yarinyar mu shiga hanya, mako biyu, wani lokaci uku. Mu bi ƙananan garuruwan Virginia da Pennsylvania, inda ɗakin karatu ke sayar da tsofaffin littattafansa a jaka, ko wani gida da suka buɗe gareji suka baza kaya. Shi yana riƙe da waya yana haska layukan nan baƙaƙe da ke bayan littafi. In ta nuna kore mu ɗauka, in ta nuna ja mu bari. Abin da aka saya daga gare mu kuma, mu naɗe mu kai gidan waya na duk garin da gari ya waye mana.

Ni karatuna aji huɗu ne na firamare sai Islamiyya. Hausa ina karantawa a hankali, Turanci kuwa ina gane harufan amma ba sa gaya mini komai. Ina zaune a tsakiyar littattafai kamar kaza a shagon agogo. Amma ina da hanci da ido. Ni ce ke shinshina littafi in ce wannan ya sha danshi, wancan gidan mai shan taba ya fito. Ni ce ke ɓare takardun farashi da na'urar busar da gashi, in goge bango, in kaɗe shafuka. Abin da ke faɗowa daga cikinsu ina tarawa a gwangwanin alawa: busasshen fure, tikitin jirgin ƙasa, hoton wani yaro da kare. Maigida ya ce shara ce. Na kasa zubarwa. Sannan ni ce mai gwada faifai da kaset, don Kunkuru tsohuwa ce har tana da rediyo mai cin kaset. Shi ya sa yake ce mini Injiniya.

Dokarmu a kan kaset ita ce: mai hoto a jiki, na kamfani, a saurara a tabbatar yana yi. Wanda ba hoto, wanda mutane suka ɗauka da kansu a gida, ba a ɓata lokaci a kansa. A goge masa ƙura, a haɗa goma-goma, akwai samari masu kiɗa da ke saye su ɗora nasu a kai.

Akwai kuma maganar wayata. Da ita muke ɗaukar hoton kaya, saboda haka kullum a cike take. Innata tana aiko mini saƙon murya ta wayar ƙanwata, dogaye, wani ya fi minti goma. Gaisuwa ce kawai da labarin ruwan sama da wanda ya haihu da wanda ya yi zazzaɓi. In na saurara sai in goge, don hotuna su samu wuri. Ban taɓa jin komai ba a raina. Na ɗauka gobe ma wani zai zo.

A bazarar bara muka tsaya a wata kasuwar gwanjo ta ranar Asabar, ba nisa da Alexandria, kafin mu nausa yamma. Akwai wani Bature mai jan wuya da ke kwashe kayan gidajen da aka tashi. A wurinsa muka sayi kwali guda na kaset, ba mu ma buɗe ba. Na goge musu ƙura a hanya. Rukunin farko ya tafi gidan waya a makon nan.

Rukuni na biyu muna haɗa shi ne a wani sansanin masu irin motarmu, a gindin duwatsu. An yi azahar, ruwa yana sauka a kan rufin kwano kamar ana watsa tsakuwa. Na ɗora miyar kuka a murhu, yarinyar tana kwance a gadon sama tana zane, lokacin shekararta shida. Maigida yana yanka kwali. Sai na ga wani kaset zarensa ya ɗan zazzago. Na sa biro na naɗe shi, na ce bari in jefa a rediyo in ga ko yana juyawa, kada a ce mun aika da matacce.

Ya yi shuuu na ɗan lokaci. Sai zakara ya yi cara. Sai muryar tsohuwa:

"An kunna? Ke, ya kama? To. Salamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ina sanyin da ake faɗi."

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Maigida ya tsaya da almakashi a buɗe. Yarinyar ta leƙo da kai daga sama ta ce, "Kaka?" Sannan ta tambaye ni da Turanci yadda aka yi Kaka ta shiga cikin mota.

Ba Innata ba ce. Hausarta ma ba irin tamu ba ce, ta fi kama da ta mutanen arewa da mu. Amma numfashin iri ɗaya ne, da yadda take tsayawa ta kori kaza ta dawo kan magana. Tana yi wa ɗanta magana. Ta ce keken ɗinkin da ya aiko wa ƙanwarsa ya iso, har ta fara karɓar ɗinkin sallah. Ta ce rijiyar gidan ta rufta an sake haƙa wata kusa da tsamiya. Ta ce ya daina aiko mata da takalmi mai rufi, ƙafarta ba ta saba ba, ta ba liman. Ta yi dariya a nan, har da tari.

Na fitar da kaset ɗin na juya shi a hannuna. A kusurwarsa akwai ɗigon jan farce guda uku, a jere. Na san ɗigon nan. A rukunin da ya tafi na ga wani mai ɗigo ɗaya da wani mai biyu. Na ɗauka datti ne, har na sa farce na kankare su don kaya su yi kyau. Wadda ba ta iya rubutu ba, da me za ta nuna wa ɗanta wanda zai fara ji? Ni ya kamata in fi kowa ganewa. Ni da nake ɗaura zare a jikin magungunan 'yata don in bambanta na safe da na dare.

Na ce, "Abbanta, mun sayar da biyu."

Ya ce, "Biyu na me?"

Na nuna masa. Ya duba, ya duba kwalin da yake haɗawa, ya ce, "Injiniya, mutumin nan goma ya saya. In tara ta je masa, tauraro ɗaya zai ba mu a intanet ya ɓata mana suna, kin san yadda suke."

"A sa masa wani."

"Wanne? Ragowar duk masu hoto ne."

"A sa masa mai hoton. Ya ji daɗi."

"Ke dai ba ki san ciniki ba," in ji shi. Amma da hannunsa ya mayar da kaset ɗin cikin rediyo. Tsohuwar ta ci gaba. Ta zo inda take cewa, "Ni dai ba na ce ka taho ba. In hali ya yi. In bai yi ba, Allah ya sa muna da rabon ganawa." Maigidana mahaifiyarsa ta rasu yana nan, takardunsa ba su fito ba a lokacin, bai je ba. Ya miƙe ya ce bari ya duba taya. Ya fita cikin ruwan nan ba lema. Tayar lafiyarta ƙalau, tun da safe ya riga ya duba ta.

Da ya dawo ya ce mu ji duka, gaba da baya, mu kama sunan mutumin, in ya so mu yi cigiya a masallaci. Ya ɗauko biro da takarda. Muka zauna, miya ta ƙone a ƙasan tukunya. Ta ambaci kishiyar maƙwabciyarta da ciwon ƙafa, ta ambaci akuya mai haihuwar uku, ta sa yara sun zo ɗaya bayan ɗaya sun gaishe da "Yaya." Shi kuwa, "kai" ne daga farko har ƙarshe. In tana ba wani labarinsa a gefe sai ta ce "wancan na can."

Kaset ya ƙare da ƙas. Takardar maigida ba komai a kanta.

Ya ce, "Wataƙila a na ɗaya ta faɗa."

Na ce, "Ba ta faɗa ba. Ko kaset ɗari ne ba za ta faɗa ba. Ɗan fari ne."

Ya ajiye biron. Shi na biyar ne a ɗakinsu, an kira sunansa har ya gaji. Ni ce 'yar fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Innata ba. "Ke" ce ni, ko "waccan." Ko da na yi ciwon da aka fid da rai ina ƙarama, goggona ce ta riƙe ni a asibiti, Inna tana waje a bakin taga, ta juya baya kamar mai jiran wani. Kunya ce, haka aka tashi aka gani. Ba rashin so ba ne, kowa ya sani. Amma ga shi kunyar nan ta tsallako teku ta ɓoye mana mutumin da muke nema.

Yarinyar duk tana ji. Tana gane Hausa sarai, amsawa ce ba ta yi. Ta sauko ta zauna a cinyata ta tambaye ni da Turancinta: Kaka ba ta san sunana ba ne? Na ce ta sani, ita ce ma ta raɗa wa Baba wanda take so a sa. Ta ce to me ya sa ba ta faɗa? Na ce don tana jin nauyina. Ta ce ita ma ai ta fari ce, ga shi ina kiran sunanta har a cikin kanti, da ƙarfi. Maigida ya fashe da dariya ya ce, "Amsa mata, Injiniya." Na ce a ƙasar nan in ban kira ba wa zai kira mini? Ba goggo, ba kaka, ba maƙwabciya. Ban sani ba ko ta gane. Ta dai ce a sake kunna wurin zakaran.

Washegari maigida ya rubuta wa wanda ya sayi rukunin farko. Ni na faɗa da Hausa, shi ya mayar. Na ce a gaya masa muryar uwar wani ce, ba kiɗa ba, kuma laifina ne. Muka yanke tafiyar, muka juyo da Kunkuru don mu riski kasuwar Asabar.

Baturen mai jan wuya ya tuna kwalin, amma da ƙyar. Ya ce daga ɗaya daga cikin dogayen benayen nan na yammacin Alexandria ya kwaso, hawa na sama-sama. Wanne? Ya ɗaga kafaɗa, ya ce yana shiga gidaje uku a rana. Ya ce ɗaki ɗaya ne, na namiji, ba kayan mace ko na yara. Akwai ɗan kafet mai hoton gini a jiki, da buta ta roba a banɗaki, ya yi ta mamakin mai shayar da fure a inda ba fure. Maigida ya tambaye shi, mutumin rasuwa ya yi ko tashi? Ya ce shi ba a gaya masa, mabuɗi kawai ake ba shi. Na sa aka tambaye shi ina kafet ɗin. Ya ce wata mata ta saya don karenta. Sallaya ce fa. Ba da mugunta ya faɗa ba, bai sani ba ne. Har ya ƙara mana da kwalin faya-fayai kyauta da ya ga fuskata.

Ranar Juma'a bayan an sauko, maigida ya kawo wani dattijo cikin motar. Mutumin Nijar ne, ya yi shekaru yana aikin rediyo a sashen Hausa kafin ya huta, kuma an ce ba Bahaushen da ya zauna a yankin nan da bai sani ba. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo masa ruwa. Ya dubi gadon da murhun ya ce, "Madam, ashe ku ne Fulanin Amurka." Ya sa aka kunna. Ya rufe ido yana ji, yana gyaɗa kai. Ya ce wannan bakin na wajen Damagaram ne, ko ƙauyukan da ke kudu da ita. Ya lissafa mutum huɗu da yatsunsa. Ɗaya yana da mata a nan, ba shi ba ne. Ɗaya ɗan auta ne. Ɗaya ya koma gida tuntuni da kayansa kaf. Na huɗun, wani mai gadi a wani ofis, ya ce ya daɗe bai gan shi a sahu ba, kuma bai san inda yake zaune ba, don mutum ne mai gaisuwa ya wuce.

"Ko shi ne, Baba?"

"Ɗiyata, ban ce ba. Irinsu suna da yawa. Mu da muke taruwa muna cin shinkafa a wurin suna, muna tsammanin mu kaɗai ne."

Ya yi alkawarin zai tambaya. Ya tambaya kuwa, har yanzu ba a dace ba.

Bayan kwana goma saƙo ya iso Landover, ƙaramin kwali. Saurayin da ya sayi rukunin farko ne. Ya rubuto cewa ɗaya ya riga ya ɗora kiɗansa a kai tun ranar da ya iso, yana ba da haƙuri ƙwarai. Ɗayan ya fara, sai saƙonmu ya shigo, ya tsaya. Ya ƙi karɓar kuɗin aikowa. Na sa a rediyo. Ganguna da jita suka yi ta ƙara kamar ana rushe gida, na kusan minti bakwai. Sai suka yanke, sai ga ta a tsakiyar magana: "…tabon da ke goshinka, na faɗowa daga mangwaron makarantar allo, shi na gani a hoton na tabbata kai ne. Ka yi ƙiba. An ce tagwayen ƙanwarka sun fara rarrafe…" A kusurwar kaset ɗin, in ka karkata shi wajen haske, ana ganin gurbin ɗigo biyu inda na kankare.

Na sayo jan farce na mayar da su. Ban san ko ya halatta in taɓa ba, amma na mayar.

Yanzu kowane kaset sai na ji shi, mai hoto da marar hoto. Aikin ya ninka, maigida yana mita yana cewa Injiniya ta zama alƙali. Na ji ɗaurin auren Turawa, na ji wani yana koyon jita, na ji wata tana karanta wa jariri littafi. Waɗannan ma ban san yadda zan yi da su ba, suna ƙarƙashin gado. Wayata kuwa, na sa ya sayo wata tsohuwa don hoton kaya. Saƙon Inna ko na tari ne ba na gogewa. Na ƙarshe da ta aiko ta ce, "A gaishe da mai gidan, a gaishe da 'yar Baturiya. Ita kuma waccan, a ce mata ta riƙa cin abinci, na ga wuyanta a hoto." Ni take yi wa magana, a wayata, amma a ce mata. Na ji shi ya fi sau ashirin.

Tsoron nan nawa bai tafi ba. In na ga tebur a bakin gareji har yanzu sai ya dawo mini. Sai dai yanzu ina tunanin ko a cikin masu ɗagawa suna ajiyewa za a samu wata mai ido.

Kaset biyun suna cikin gwangwanin alawa, a aljihun gaban Kunkuru, na naɗe su a ɗankwali. Mai karatu, ga roƙona. In ka san wani mutumin wajen Damagaram, ɗan fari, mai tabo a goshi, wanda ya zauna shi kaɗai a dogayen benayen Alexandria, ya taɓa aika wa ƙanwarsa keken ɗinki, ita kuma ta haifi tagwaye, don Allah ka gaya masa muryar mahaifiyarsa tana wurinmu. In ya riga mu gidan gaskiya, ka gaya wa ƙanwar. Ka tambayi masu tsohuwar mota mai ɗaki da ke sayar da littattafai, a masallacin Juma'a an san mu. Ba sayarwa za mu yi ba. Ku zo ku karɓi abinku.